KALMAR "RECREATE" DA TAKWARORINTA NA HAUSA: DARASI DAGA GANUWAR KANO

1.0 GABATARWA

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke ba masu fassara wahala akwai waɗanda wahalarsu a fili take, mai fassara na ganinsu ya san sai ya buɗe ƙamus. Akwai kuma waɗanda kan zo da fuskar sani, har mutum ya fassara su ya wuce, bai san ya yi tuntuɓe ba. Kalmar "recreate" tana cikin kashi na biyu. Duk wanda ya yi 'yan shekaru a makarantar boko ya san ɗafa-goshin "re-" yana nuna maimaici, ya kuma san "create" ita ce ake fassarawa da halitta ko ƙirƙira. Saboda haka sai ya haɗa su ya ce "sake halitta" ko "sake ƙirƙira", ya ɗauka aiki ya ƙare. Irin wannan fassara tana yawo a kafofin watsa labarai, da takardun hukuma, har ma da kundayen ɗalibai masu neman babban digiri.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba ma'anonin wannan kalma da yadda ake amfani da ita, sa'an nan a auna kalmomin da Hausa ta tanada a wannan fage. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, inda Ingilishi ya dunƙule ma'anoni da dama cikin kalma ɗaya, Hausa ta rarrabe su filla-filla, kuma mai fassarar da ya yi watsi da wannan rarrabewa yakan ɓoye wa mai karatu ainihin abin da ya faru. Za mu ɗauki ganuwar Kano da ƙofofinta a matsayin ma'auni, domin a nan ne kuskuren zaɓen kalma ya fi yin ɓarna.

2.0 ASALIN KALMAR DA MA'ANONINTA

Tushen kalmar daga Latin yake, daga aikatau "recreare", wanda ke ɗauke da ma'anar maido wa abu ƙarfinsa, ko farfaɗo da wanda ya galabaita. Ta hanyar Faransanci sunan "recreation" ya shiga Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma a farkon shigarsa yana nufin murmurewar majinyaci, ko wartsakewar da mutum kan samu bayan ya ci abinci. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, ta game duk wani wasa ko hutu da ke kawar wa mutum da gajiyar aiki. Wannan ita ce ma'ana ta farko.

Wajen ƙarshen ƙarni na 16 sai Ingilishi ya ɗauki "re-" ya ɗora wa "create", aka sami wata kalma mai nufin yin abu karo na biyu. Wannan ita ce ma'ana ta biyu. A baki akwai bambanci tsakaninsu: gaɓar farko ta mai ma'anar hutu ana furta ta "rek", ta mai ma'anar maimaita yi kuwa ana jan wasalinta, a ce "rii". A rubuce ma an daɗe ana sa wa ta biyu karan ɗori, a rubuta "re-create", amma marubuta da yawa sun bar wannan ɗabi'a, har kalmomin biyu suka zama iri ɗaya a ido. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun fi mu sauƙi a nan, domin Faransanci ya bambanta "récréer" da "recréer" ta hanyar alamar da ake ɗora wa wasalin farko.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da za ta taimaki ɗalibi. A Ingilishin yau aikatau mai ma'anar hutu ya yi ƙaranci ƙwarai, sunansa da siffarsa "recreational" su ne ke yawo. Idan aka ga kalmar a matsayin aikatau, ga kuma karɓau a bayanta wanda abu ne ko yanayi, to ma'ana ta biyu ake nufi. Idan kuwa suna ce tsaye da kanta, ko tana siffanta fili ko lokaci, to galibi ma'ana ta farko ce. Dubi waɗannan jimloli:

(1) The children need a place for recreation.
(2) The masons will recreate the old gate.

Jimla ta (1) ba ta da wuyar sha'ani: yara suna bukatar wurin wasa. Jimla ta (2) kuwa ba ta fassaruwa sai mai fassara ya san ko tsohuwar ƙofar tana nan ko ta rushe, da inda za a yi aikin, da abin da za a yi shi da shi. A kan wannan ne mafi yawan bayaninmu zai tsaya.

3.0 MA'ANA TA FARKO A HAUSA

A wannan fage Hausa ba ta da talauci. Akwai shaƙatawa, da shan iska, da hutu, da wasa, da walwala, da annashuwa, da raha, da nishaɗi wanda aka aro daga Larabci. Ga tsohuwar ma'anar nan ta majinyaci kuma akwai murmurewa, da wartsakewa, da farfaɗowa, kowace da matakinta: wanda ya suma shi ke farfaɗowa, wanda maye ko barci ko gajiya ta sake shi shi ke wartsakewa, wanda ya rame ya soma mai da jiki shi ke murmurewa.

Abin lura a nan ɗaya ne. A al'adar da ta haifi kalmar Ingilishi ta zamani, an yanke wa hutu lokacinsa da filinsa, an raba shi da aiki. A birnin Kano kuwa yawancin abubuwan da ke faranta rai a saƙe suke da ibada, ko sarauta, ko sana'a. Tashe yana tafe da watan azumi, hawan Daushe da hawan Nassarawa suna tafe da Salla, hawan dutsen Dala ranar Takutaha yana tafe da watan Mauludi, dambe kuwa tun asali wasan mahauta ne. Wanda ya tattara waɗannan duka ya kira su "shaƙatawa" ya rage musu daraja. Kalmar ta dace da gidan ajiye namun daji na Audu Baƙo, ko filin sukuwa, ko lambun da iyali kan je da yamma. Hawan Salla kuwa sunansa hawa, tashe sunansa tashe, kuma ya kamata a bar musu sunayensu.

4.0 MA'ANA TA BIYU A HAUSA

4.1 Halitta da Ƙirƙira

Kalmar halitta daga Larabci take, kuma Bahaushe ya keɓe ta ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahalicci. Ba a taɓa cewa maƙeri ya halicci fartanya. Abin da Ingilishi ya tara cikin "create", Hausa ta raba wa masu sana'a, kowa da aikataunsa: magini ya gina, maƙeri ya ƙera, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya ɗinka, masassaƙi ya sassaƙa, mawaƙi ya tsara, marubuci ya wallafa. Ke nan matakin farko ga mai fassara shi ne ya dubi abin da aka yi, ya nemo aikataun da ke tafiya da shi. "Sake halitta" kuwa, a kunnen Bahaushe Musulmi, ko dai ta kai shi ga tashin ƙiyama, inda Mai farawa kuma Mai komarwa zai tayar da bayinsa, ko kuma ta kai shi ga canza halittar Allah, abin da malamai ke tsawatarwa a kai. Ba ɗaya daga cikin biyun da ke da alaƙa da aikin magini.

Ƙirƙira da ƙaga sun fi kusa, amma su ma da tasu matsalar. Dukansu suna nufin fito da abin da babu shi a da, kuma dukansu suna da ƙanshin ƙarya a wasu wurare, kamar yadda ake cewa an yi wa wane ƙage, ko magana ce ƙirƙirarriya. Idan abu ya riga ya wanzu, to yin irinsa ba ƙirƙira ba ce. Don haka "sake ƙirƙira" magana ce mai tufka da warwara, sai fa in ana nufin mutum biyu sun gano abu ɗaya ba tare da na biyu ya san na farko ba.

4.2 Fuskokin "Sake"

Sauran rabin fassarar, watau "sake", shi ya fi bukatar nazari. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka haruffan nan huɗu suna ɗauke da kalmomi fiye da ɗaya. Domin bayani za mu ninka dogon wasalin gaɓar farko:

(3) Audu ya saake zuwa.
(4) Audu ya saake riga.
(5) Baƙon ya sake, har yana raha da yara.
(6) An yi sake, ɗan zaki ya girma.

A jimla ta (3), inda sunan aikatau ya biyo baya, saake tana nufin maimaitawa. A ta (4), inda sunan abu ya biyo baya, tana nufin canzawa, kamar yadda take a "saake shawara", da "saake salo", da karin maganar nan "ba ta saake zani ba". A ta (5) da ta (6) wasalin gajere ne, kuma dangin saki ne da sakaci da sako-sako: ta (5) sakin jiki, ta (6) rashin kula. Abin sha'awa ne a ga cewa a rubuce Hausa ma ta haɗa maimaitawa da sakin jiki cikin siffa ɗaya kamar yadda Ingilishi ya yi, ko da yake a Ingilishi tushen guda ne ya rabu biyu, a Hausa kuwa tushe biyu ne rubutu ya gwama.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin (3) da (4). Akwai kalmomin Hausa da ke zama sunan aikatau su kuma zama sunan abin da aikin ya haifar, misali gini, da ɗinki, da rubutu, da saƙa. Dubi wannan:

(7) An saake ginin ƙofar.

Idan "gini" aikin ginawa ne, ma'anar ita ce an gina ƙofar karo na biyu, mai sauraro kuma zai ɗauka yadda take haka aka mai da ita. Idan kuwa "gini" abin da ke tsaye ne, ma'anar ita ce an kawar da wancan an kawo wani dabam. Jimla ɗaya ce, amma tana iya zama labarin ceto, tana kuma iya zama labarin rashi. Mai rubuta sanarwa yana iya fakewa a cikinta ya faɗi gaskiya ta fuska ɗaya, jama'a su fahimci ɗaya fuskar. Wannan shubuha daidai take da wadda ke cikin jimlar Ingilishi ta (2), saboda haka wanda ya fassara waccan da wannan bai warware kome ba.

4.3 Fagen Adabi

Kafin mu je ga ganuwa, yana da kyau mu ga yadda manazarta adabi suka fita daga wannan rami. Lokacin da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin ƙasashen Turai da na Gabas, ya sa musu rigar Hausa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Bature yana iya amfani da kalmarmu ga duk waɗannan. Mu kuwa muna cewa Imam ya Hausantar da labaran, muna kiran aikin su Ladan baddalawa, har 'yan fim na Kano sun fito da tasu kalma, wankiya, ga wanda ya kwashe fim ɗin Indiya ya juye shi ba tare da ya ambaci mai shi ba. Kowace kalma a nan tana gaya mana dangantakar sabon aiki da tsohon, tana kuma yanke hukunci a kansa. Irin wannan tantancewa ce ba mu yi ba tukuna a fagen gine-ginen tarihi.

5.0 GANUWAR KANO A MATSAYIN MA'AUNI

5.1 Taƙaitaccen Tarihi

Bisa ga littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, haka kuma aka ƙara faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki, daga 1618 zuwa 1623, aikin da Wambai Giwa ya tsaya a kansa. Da Clapperton ya zo Kano a 1824 ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya kuma ƙirga ƙofofi 15. Bayan da sojojin Ingila suka ci birnin a watan Fabrairu na 1903, ganuwa ta rasa aikinta na tsaro, gayyar da akan yi domin gyaranta ta mutu, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu neman filin gini suka yi ta cinta. A 2007 an shigar da ita, tare da dutsen Dala da kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Duk da haka a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, kuma a shekarun da suka biyo baya ƙofofi da dama sun koma na siminti da ƙarfe, masu faɗin da motoci za su wuce.

5.2 Ɗabi'ar Ginin Ƙasa

Kafin a yanke hukunci a kan kalmar da ta dace da waɗannan ayyuka, wajibi ne a fahimci ɗabi'ar ginin ƙasa. Ginin dutse yana iya shekara ɗaruruwa ba a taɓa shi ba. Ginin tubali kuwa rayuwarsa tana rataye ne a kan hannun da ke komowa gare shi. Damina ta zaizaye, kaka ta yi a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a shafe da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Azara in ta ruɓe a zare ta a sa wata. Kududdufan da ke cikin birni shaida ne na yawan ƙasar da aka haƙa tsawon zamani domin wannan hidima. Ke nan badalar da Clapperton ya gani ba ƙasar da mutanen Gijimasu suka kwaɓa ce zalla ba, an yi ta ɗora wata kan wata. Abin da ya ɗore shi ne wurin, da siffar, da irin kayan ginin, da kuma sanin da magina ke gada daga iyayensu a ƙarƙashin Sarkin Magina.

Wannan batu ya taɓa raba kan masana a duniya. Yarjejeniyar da aka tsara a birnin Fenis na ƙasar Italiya a 1964 ta ba da ƙarfi ga kiyaye ainihin kayan da aka yi gini da su, ta ce gyara ya tsaya daga inda zato ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Bayan shekara 30, a taron birnin Nara na ƙasar Jafan a 1994, aka yarda cewa sahihancin abin tarihi ana auna shi ne da ma'aunin al'adar da ta haife shi, har da sana'ar da ke riƙe da shi. Jafanawa suna da wurin bauta a Ise wanda suke rushewa su gina sabo duk shekara 20. A kusa da mu kuma, mutanen Jenne ta ƙasar Mali suna fita kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, kuma da aka rusa hubbaren waliyyan Tambutu a 2012, maginan garin ne suka tayar da su da kayan gini irin na da, aka kammala a 2015. Ashe dai sabunta ginin ƙasa ba ya kashe shi, barin sabuntawar ne ke kashe shi.

5.3 Kalmomi Biyar

Idan muka ɗauki abubuwa huɗun nan da muka ce su ne suka ɗore, watau wuri, da siffa, da kayan gini, da hannun magini, za mu ga Hausa tana da kalma ga kowane hali.

Na farko, gyara ko yaɓe. Ginin yana tsaye, ana toshe inda ya tsage, ana mai da abin da ruwa ya ci. Duk abubuwa huɗun suna nan. Ba a gyara abin da babu shi, don haka ranar da katafila ta kwashe ƙofa, kalmar gyara ta fita daga maganar.

Na biyu, tayarwa ko maidowa. Ginin ya faɗi, amma an tayar da shi a gurbinsa, da siffarsa, da irin ƙasarsa, a hannun magada sana'ar. Aikin Tambutu misali ne. Sharaɗinsa shi ne a san siffar ta asali ta hanyar hoto, ko awo, ko shaidar waɗanda suka san ginin.

Na uku, kwaikwayo. An yi abu mai kama da na asali domin a nuna wa mai kallo yadda yake. A gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara a shekarun 1970, an gina wani yanki na ganuwar Kano da kuma masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Siffa ta yi daidai, kayan gini ƙasa ce, amma wurin dabam ne. Wannan shi ne ainihin abin da kalmar Ingilishi ke nufi a mafi yawan amfaninta na yau, kuma ba wanda aka yaudara, domin ba mai zuwa Jos ya ce ya shiga Kano. Kalmar kwatantawa ma tana aiki a nan, musamman ga abin da ya faru, kamar a ce 'yan sanda sun sa wanda ake tuhuma ya kwatanta yadda ya yi.

Na huɗu, musanya ko maye gurbi. An kawar da tsohon, an kafa sabo a wurinsa, siffa dabam, kayan gini dabam, magina dabam, sunan kawai aka gada. Babban masallacin Juma'a na Kano da aka gina da siminti a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, ya maye gurbin tsohon masallacin ƙasa, kuma ba mai dubansa ya ce gyara aka yi. Yawancin sababbin ƙofofin birni a wannan aji suke. Zanko da zanen dagi da aka yi musu da siminti ado ne mai tuna asali, amma ba su mai da musanya ta zama maidowa.

Na biyar, rayawa. Wannan kalma daga rai take, kuma malamanmu sun daɗe da saninta a "raya sunna", wadda ita ce ma'anar sunan littafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Ihya'us Sunna. Ba a raya abu da aikin rana ɗaya. Raya ganuwa yana nufin a sami maginan da ke cin abinci da sana'ar, da yaran da ke koyo a hannunsu, da kuɗin yaɓe na kowace shekara, da mutanen unguwa masu ganin abin nasu ne. A nan ne ma'anonin kalmar Ingilishi biyu ke komawa ga tushensu na Latin, watau maido wa abu ƙarfinsa.

5.4 Wata Hujja da Amsarta

Mai karatu yana iya cewa birni ba gidan tarihi ba ne. Jama'a sun yawaita, ƙofar da aka yi domin doki da jaki da raƙumi ba ta ɗaukar motocin yau, kuma Rumfa da Nazaki su ma sun rushe sun faɗaɗa, Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo kuwa a zamanin Turawa aka huda su. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba aikin mai nazarin harshe ba ne ya hana a yi hanya. Aikinsa shi ne ya tsaya a kan a kira kowane abu da sunansa. Waɗanda suka huda ganuwa suka ce Sabuwar Ƙofa sun faɗi gaskiya, sunan kansa yana koyar da tarihi har yau. Idan kuwa aka rushe ƙofa mai ɗaruruwan shekaru aka ce an gyara ta, illa uku ke biyowa. Yaron da aka kai yawon buɗe ido zai tashi yana zaton Rumfa da siminti ya yi gini. Hukuma za ta ɗauka ta sauke nauyin da ke kanta, alhali guntayen badalar da suka rage suna ci gaba da zubewa. Jama'a kuma ba za su yi jimamin rashi ba, tun da an gaya musu ba a rasa kome ba, wanda bai san ya yi rashi ba kuwa ba ya tsare abin da ya saura. Irin wannan shi Hausawa ke kira gyaran gangar Auzinawa.

6.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa kalmar "recreate" kalmomi biyu ne masu tushe ɗaya, ɗaya ta shafi hutu da wartsakewa, ɗaya ta shafi yin abu karo na biyu. Mun ga "sake halitta" ba ta da gurbi a aikin ɗan Adam, "sake ƙirƙira" tana warware kanta, "sake gini" kuma tana da fuska biyu. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Masu fassara su riƙa tambayar abin da ya faru a zahiri kafin su zaɓi kalma, su zaɓa daga gyara, da maidowa, da kwaikwayo, da musanya, da rayawa. Masu tsara ƙamus na Ingilishi da Hausa su raba kalmar gida biyu, su kawo misalai cikin jimla a ƙarƙashin kowane gida. Malaman Hausa a manyan makarantu su riƙa amfani da jimloli irin (3) zuwa (7) wajen koyar da muhimmancin tsawon wasali da ajin kalmar da ke bin aikatau. Hukumomin da ke kula da kayan tarihi kuma su kafa allo a kowace ƙofa, da Hausar boko da ajami, mai faɗin zamanin da aka fara gina ta, da shekarar da aka rushe ta in an rushe, da shekarar da aka yi wadda ke tsaye.

Akwai sauran aiki ga ɗalibai masu neman abin bincike. Kalmomin magina na cikin birni, daga sunayen ƙasa iri-iri zuwa na bakan gizo da ɗaurin guga da matakan yaɓe, suna bakin dattawan da ke ƙarewa, kuma tattara su cikin ƙamus na musamman aiki ne da ya kamata a hanzarta. Allah ya sa mu dace.